Tandun Kwalli a Kwanson Harsashi

Lokacin da na fara sanin Malam Talle, a gidan ma'aikata da ke bayan rumbunan ajiya na unguwar Sulay a Riyadh, yatsunsa na fara lura da su kafin fuskarsa. Babban yatsansa na dama da manuninsa sun yi kanta, sun rine sun koma kore-kore, irin rinin da tagulla ke yi wa fata, wanda sabulu ba ya fitarwa. Siririn mutum ne, ya haura hamsin, ba ya ɗaga murya ko da an taka shi. Gadonsa na kusa da nawa, shi ya sa na sha jin labarinsa guntu-guntu in ya ɗora shayi bayan la'asar. Inda ya yi shiru kuwa, abokinsa Hamissou ya cike mini.

A birnin Katsina aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu tun kafin suna, abin da ya sa ake ce masa Talle ke nan, mahaifiyar ma ba ta kai ga yaye shi ba. Baffansa Almustafa, maƙerin fari, shi ya ɗauke shi, matar baffan kuma, Inna Hajar, ita ta goya shi. A maƙerar baffa ya tashi, cikin mundaye da zobba da awarwaro. Abin da ya fi tunawa ba dukan ƙarfe ba ne, shara ce. Kullum da yamma sai an share maƙera an tankaɗe sharar, duk ɗan ɓurɓushin tagulla da ya faɗi a tsince shi a jefa cikin kasko. Baffa ya kan ce ƙarfe ba ya mutuwa, sai dai ya sake suna. Wanda ya zubar da tagulla a gidan nan, ranar sai ya ci tuwo da hawaye.

Da kayan ado na kanti suka cika kasuwa, sana'ar ta yi sanyi. Baffa ya rasu, maƙera ta koma ɗakin ajiye buhuna. Talle ya yi aure, yara suka zo, ga Inna ta tsufa a hannunsa. Ya samu biza ta leburanci ya zo Riyadh, ya yi shekaru yana ɗaukar bulo a gine-ginen Dir'iyya. A can ne wata rana ya ga butar gahawa ta tagulla da bakinta ya ɓalle, mai gadi zai jefar, ya karɓa ya gyara ta da ɗan abin da ya samu. Ashe butar ta wani dattijon Balarabe ce, Abu Marwa, mai kulob ɗin koyon harbi a wajen gari. Dattijon ya juya butar ya nemi wurin ɗorin bai gani ba. Ba a daɗe ba ya mayar da iƙamar Talle, wato takardar zamansa a ƙasar, ƙarƙashinsa, ya zama kafil ɗinsa, ubangidan da ke tsaya masa wurin hukuma.

Kulob ɗin na da lasisin gwamnati, kuma akwai masu gasar harbi da ƙaramar bindiga da ake haɗa wa harsashi a nan ciki. Talle bai taɓa ganin albarushi ba. Wannan aikin wani ne mai takardar izini, a wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Shi Talle nasa kwanson harsashi ne kawai, sabo, wanda ba komai a cikinsa.

Na taɓa tambayarsa, in sabo ne, me kuma za a gyara? Ya yi murmushi ya ce sabon kwanso kamar sabon takalmi ne, sai an lallaɓa shi. Daga masana'anta yake zuwa cikin leda, yana ƙyalli, amma a hanya sun gogi juna, bakin wasu ya lotse, na wasu kuma akwai ɗan kaifi da ido ba ya gani, sai yatsa. In aka bar kaifin nan, zai kankare kan harsashin da za a ɗora, ko ya sa ya zauna a karkace. Shi ya sa yake bin su ɗaya-ɗaya, ya matsa kowanne cikin mazubin ƙarfe bakin ya dawo da'ira, sannan ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai kama da abin feƙe fensir ya murza bakin ciki da waje, murzawa kaɗan, ba ci ba. Ya ce abin mamaki ma, sabon kwanso tsabtarsa ce ke ba da wahala. Ya cika wankuwa, sai ya riƙa kama ƙarfen inji yana cijewa. Don haka sai ya zuba su cikin wata tukunya mai karkarwa, cike da garin totuwar masara da aka riga aka yi aiki da shi, su ɗan sha ƙura su yi santsi. Wanda ya tsage ko ya yi tabo mai zurfi kuwa, akwai wata durowa mai kwaɗo da ake jefa shi.

Ranar da Abu Marwa ya ba shi mabuɗin ɗakin kwanso, ya riƙe mabuɗin bai saki ba sai da ya ce, “Ya Talle, daga ɗakin nan ko ƙura ba ta fita. Mai kyau da marar kyau, duk na hukuma ne. Ka fahimta?”

Talle ya ce ya fahimta. Kuma shekaru ya yi bai saɓa ba, har masu gadin ƙofa suka daina laluba aljihunsa. Sai dai ya ce duk ranar da ya jefa kwanso a durowar nan ya ji ƙararsa, sai ya ji kamar baffa na tsaye a bayansa.

Wata rana saƙon murya ya shigo daga gida. Inna Hajar ce, jika ya riƙe mata waya. Bayan gaisuwa da addu'a ta ce idonta ya fara hazo, in da hali ya aiko mata da kwallin Saudiyya, na gaske, ba wanda ake haɗawa da gawayi ba. Tun da ya zo ƙasar nan ba ta taɓa roƙonsa komai da bakinta ba.

Ranar hutunsa ya tafi kasuwar Batha, wurin wani Bakano mai sayar da turare da zaitun da dabino, ya ce a ba shi kwalli mai kyau. Da Hausa aka yi cinikin, da Hausa aka gama. Aka ba shi a 'yar kwalbar roba mai jan murfi. Ya zo ɗaki ya ajiye ta a kan gado yana kallo. Matar maƙerin fari, wadda ta goya maƙeri, a aika mata kwalli a roba? Abin ya tsaya masa a rai.

Cikin makon ne, yana aikin wasu dogayen kwansuna, ya ci karo da ɗaya mai tabo a gefe. Ba zai yi aiki ba. Ya miƙa hannu zai jefa a durowa, sai ya tsaya. Tsawonsa daidai, faɗinsa daidai, tagullar kuma mai kyau ce. Ya ce wallahi a lokacin bai ga kwanso ba, tandu ya gani.

Da hutun azahar ya yi aikin. Akwai ɗan rami a gindin kowane sabon kwanso, ya toshe shi da ɗigon dalma don kada kwalli ya zube, ya goge ya yi sumul. Murfin kuma ya yi shi da guntun jan ƙarfe da ya tsinta a bakin wani gareji a Sulay, ya zagaye kansa ya yi masa ɗan tulluwa don ya yi daɗin kamawa, ya haɗa masa siririn tsinken shafa kwalli daga ciki. Murfin ya zauna ɗas. Ya yi niyyar zana masa ado a jiki, irin zanen da baffa ke yi wa mundaye, sai ga waya daga Hamissou cewa an matso da tafiyarsa, jibi zai tashi.

Hamissou mutumin Maraɗi ne, direba a gidan wani ma'aikacin jakadanci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. In zai je gida ta Kano yake sauka, ya bi ta Katsina, don haka shi ne mai kai wa Talle saƙo. Ya girmi Talle a Riyadh, Talle ya girme shi a duniya, kuma ba sa haɗuwa ba su yi faɗan waye Bakatsinen asali ba.

“Yaya Talle, in kana da saƙo ka kawo gobe,” in ji shi. “Ka tsaya daga wajen ƙofar unguwar ka kira ni in fito. Kada ka shigo, ku mutanen birni ba ku iya shiga wuri ba.”

Talle ya juye kwallin cikin tandun, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun gaba. Bai nuna wa kowa a ɗakinmu ba. Ya ce so yake idon Inna ya fara gani.

Washegari da hantsi ya tari tasi. Ya gaya wa direban ya sauke shi kafin ƙofa, direban bai ji ba ko bai kula ba, kafin Talle ya ankara sun shiga layin motocin da ake bincike, ba halin juyawa. Wani matashin soja ya leƙo ya karɓi iƙama, ya tambayi gidan da za shi. Talle bai san lambar gida ba, sunan Hamissou kawai ya sani. Aka ce ya fito. Sojan ya shafa jikinsa sama-sama, hannunsa ya tsaya a aljihun gaba.

“Esh hada?” Mene ne wannan?

Talle ya ciro hankicin da kansa, har da ɗan murmushi, ya miƙa. Sojan ya warware. Abin ya sulluɓe ya faɗi a kan murfin motar, ya gangara yana ƙara, ya tsaya a jikin abin goge gilashi.

A nan ne, Talle ya ce, ya fara ganinsa da idon wani. Jiki na tagulla, kai na jan ƙarfe mai tulluwa, ɗigon fari a gindi. Shi da ya yi shekaru yana ganin harsashi a kulob, sai yanzu ya ga abin da hannunsa ya ƙera.

Sojan ya ja da baya ya daka tsawa. Wasu biyu suka taso. Aka tsayar da layin motoci gaba ɗaya. Direban tasi ya fito hannuwa sama yana rantsuwa bai san mutumin nan ba. Talle ya buɗe baki zai yi bayani, Larabcin da yake da shi, na aiki da cefane, ya watse ya bar shi. Ya nemi sunan abin da Larabci ya rasa, don bai taɓa buƙatarsa ba.

“Kwalli ne,” ya ce da Hausa. “Wallahi kwalli ne. Tozali.”

Ya ɗaga hannu zai nuna idonsa. Ɗaga hannun da ya yi da sauri ya sa aka kama shi aka juya shi, ƙirjinsa ya bugi ƙarfen mota mai zafi, ankwa ta shiga hannunsa.

Aka kai shi wani ɗan ɗaki a gefen ƙofa. Na'urar sanyi na aiki, amma gumi ya jiƙa masa riga. Babbansu ya shigo, mutum mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. An ɗora abin a kan tebur bisa farar takarda. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya kai kusa da kunne ya ɗan girgiza. Ɗakin ya yi tsit, har Talle ya ji motsin garin da ke ciki. Hafsan ya ajiye a hankali.

Ya tambaye shi inda yake aiki. Wannan Talle ya iya faɗa, ya kuma faɗi gaskiya: kulob ɗin harbi. Sojojin suka kalli juna.

Talle ya san tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ya san mutanen da suka fita sayen burodi, sai daga Kano aka ji muryarsu, da rigar da ke jikinsu kawai. Su kuwa laifinsu na takarda ne kawai. Wanda aka kama da harsashi a ƙofar ofisoshin jakadanci, tarhil ma gata ne a wurinsa, sai ya gama zaman kurkuku tukuna. Ya tuna yaransa da ke makaranta, da Inna da ke zaune tana jiran kwalli. Wayarsa na kan tebur tana ta haske, sunan Hamissou na fitowa yana ɓacewa.

Hafsan ya kalli wayar, ya ɗauka ya amsa. Ya yi magana kaɗan ya ajiye.

Ba a jima ba aka shigo da Hamissou, da rigar aikinsa, yana haki. Ya kalli Talle da ankwa, ya kalli tebur, fuskarsa ta canza.

“Yaya, mine ne wanga?”

“Saƙon Inna ne. Kwalli ne a ciki. Ka gaya musu, na rasa sunansa.”

“Kwalli? Cikin harsashi?”

“Ba harsashi ba ne, tandu ne. Ni na yi shi.”

Hamissou ya rufe ido ya buɗe. Ya juya ga hafsan ya ce, “Kuhul, ya sidi. Kuhul.” Ya ja yatsa a ƙarƙashin idonsa, a hankali, yadda kowa zai ga hannunsa. Ya ci gaba da bayani da Larabcinsa na direba, mai sauri, cewa mutumin nan maƙeri ne ɗan maƙera, tsohuwarsa ce ta roƙi kwalli, shi ne ya yi mata mazubi.

Hafsan ya saurara har ƙarshe. Ya ce baƙin gari a cikin kwanso, shi a aikinsa suna ɗaya gare shi. Ya ce a tambayi Talle yadda ake buɗewa.

“A riƙe gindin, a murɗa kan hagu kaɗan, a ja,” in ji Talle. “Ko a kwance ni in buɗe.”

Ba a kwance shi ba. Hafsan ya sa sojojin suka matsa bakin ƙofa. Ya riƙe gindin, ya murɗa. Murfin bai motsa ba, don Talle ya yi shi ya zauna sosai kada kwalli ya zube a jaka. Ya sake murɗawa da ƙarfi. Talle ya ce a ransa yana ta salati, yana kuma jin haushin kyan aikinsa. Can murfin ya saki. Hafsan ya ja, sai ga siririn tsinke ya biyo baya, dogo, baƙi ƙirin.

Ya tsaya yana kallon tsinken. Ya goga shi a farar takardar, ya bar layi mai ɗan ƙyalli. Ya shinshina. Ya murza da yatsa. Sannan ya ce a cire ankwar, ya tura tandun gaban Talle.

Hamissou ya fassara, murya ƙasa-ƙasa. “Ya ce in kwalli ne, ka sa.”

Talle ya ɗauki tandun. Ya yi bisimilla, ya tsoma tsinken, ya ja a idon dama, ya ja a na hagu. Garin sauri ya soki gefen idon. Kwallin mai kyau ne, yana da yaji, hawaye suka zubo baƙi suka bi kumatunsa har gemu. Matashin sojan da ya kama shi ya yi dariya ya kama bakinsa.

Hafsan bai yi dariya ba. Ya ɗauki tandun ya juya gindinsa, ya karanta rubutun masana'anta da ke zagaye da ɗigon dalmar.

“Kwalli ne, na yarda,” ya ce. “Wannan fa, daga ina?”

Talle ya faɗa. Aka nemi lambar kafil.

Jiran Abu Marwa ya fi komai tsawo. An bar su su biyu a kan benci, soja na tsaye a ƙofa. Kowa ya san abin da ya rage: in dattijon ya ce sata aka yi masa, magana ta ƙare. Kuma faɗin hakan shi ya fi masa sauƙi, don lasisinsa ne a kan tebur.

Hamissou ya gyara zama a kan bencin. Can ya ce, “Yaya, da ka tsaya waje kamar yadda na ce, da ka ba ni shi a hankici.”

“Haka ne.”

“Da ban buɗe ba, don saƙon tsohuwa ne. Da na sa a jaka. Gobe a filin jirgi na'ura ta gan shi.” Ya juyo ya kalle shi. “Wa zai zo ya ce musu kuhul?”

Talle ya ce duk abin da aka yi masa ranar, ankwa da tsawa da zafin mota, babu wanda ya kai wannan tambayar. Ya ce, “Ka yafe ni, Hamissou.”

“Goge fuskarka tukuna. Ka yi kama da amaryar da aka yi wa kishiya ran biki.”

Bayan azahar Abu Marwa ya iso, da sandarsa. Bai kalli Talle ba. Ya gaisa da hafsan, suka zauna, aka nuna masa abin. Ya ɗauka ya juya, ya ja murfin ya mayar, ya sake ja ya mayar, yana jin yadda yake zama. Ya nemo tabon da ke gefe ya sa farce a kai. Ya daɗe a haka.

“Kai ka yi?” ya tambaya, har yanzu bai ɗago ba.

“Ni ne, ya mudir.”

Dattijon ya ajiye. Ya gaya wa hafsan cewa kwanson nasa ne, daga cikin marasa kyau da ake zubarwa, bai taɓa ɗaukar albarushi ba. Mutumin kuma ma'aikacinsa ne, shekaru yana riƙe da mabuɗi ba a taɓa neman ko allura an rasa ba. Ya ce wauta ce, wautar kuma a ƙarƙashin rufinsa aka yi ta, shi zai ɗauka. Suka yi magana mai tsawo wadda Hamissou ma bai kama duka ba. Aka yi waya, aka jira, aka sake waya. Daga ƙarshe dattijon ya sa hannu, Talle ya dangwala yatsa, aka miƙo masa iƙamarsa.

Tandun dai ba a bayar ba. Hafsan ya buɗe durowarsa ya ɗauko wata 'yar robar magani da ba komai ciki, ya juye kwallin a hankali bai zubar da ko kaɗan ba, ya miƙa wa Talle. Ya ce a gaida tsohuwa. Talle ya ba Hamissou robar a nan gaban kowa.

Abu Marwa ya ɗauki Talle a motarsa, suka hau babban titi. Sannan ya ce, “Ka san abin da ka ɗauka a aljihunka? Ba kwanso ba ne. Lasisina ne, da abincin duk wanda ke aiki a wurin.”

Talle ya ce ya sani.

“Me na ce maka ranar da na ba ka mabuɗi?”

“Ko ƙura.”

“Ba zan kore ka ba. Amma na yi wa mutumin can alkawari.” Ya miƙa tafin hannunsa, idonsa na kan titi. Talle ya ciro mabuɗin ɗakin kwanso ya ɗora masa.

Yanzu Malam Talle a ɗakin baƙi na kulob ɗin yake aiki. Shi ke dafa gahawa, ya jera dabino, ya wanke kofuna. Wani ɗan Pakistan ke gyaran kwanso. Talle ya ce wani lokaci in ya wuce ta bayan ɗakin yakan ji yadda ake murza bakin kwanso da ƙarfi, ana ci maimakon shafa, sai ya ƙara sauri. Butar da yake zuba gahawar ita ce wadda ya gyara a Dir'iyya, kuma duk kulob ɗin babu abin da ya kai ta ƙyalli. Koren yatsunsa ya fara dushewa.

Da Hamissou ya isa Katsina, saƙon murya ya zo. Malam Talle ya kunna mana a ɗaki. Inna Hajar ta yi godiya, ta sa albarka, ta ce kwallin na gaske ne, har ya sa ta hawaye. Sai ta ƙara da cewa, “Amma Talle, ɗan gidan Almustafa guda, ka rasa abin da za ka zubo mini sai robar maganin mura? Ko hannun ya mutu ne?”

Ba wanda ya gaya mata, kuma ya hana a gaya mata.

Kwanan baya ya sayo tsohon kan famfo na tagulla a wurin masu gwangwan, ya karɓi rasit ya adana, yana ta aikinsa a bakin ƙofar ɗakinmu da 'yar zarto da guduma, a fili, duk mai wucewa na gani. Hamissou da ya dawo ya zo ya tsuguna ya ɗauka ya duba. Sabon tandun ƙaton ciki gare shi da ɗan siririn wuya, kamar tulu.

“Yawwa,” in ji shi. “Ƙara masa ciki, Yaya. Ka yi masa hannu ma in da hali. In na ga ya miƙe ko kaɗan kamar harsashi, da ƙafarka za ka kai shi Katsina.”

Malam Talle ya karɓe abinsa, ya gyara zama, ya fara zana adon a wuyan.